Layi zalla a farar takarda: yadda ake kallon zanen Nasreen Mohamedi da takwarorinta na Indiya

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon zane. Kwanakin baya na ci karo da hotunan aikin wata Ba'indiya mai suna Nasreen Mohamedi. Layuka ne kawai na baƙar tawada a kan farar takarda, babu mutum, babu itace, babu launi. Amma duk inda na duba sai in ga ana cewa aikinta cike yake da zurfin ruhi. Ni kuwa abin da na gani bai wuce takardar lissafi ba. Da gaske akwai wani abu a ciki, ko kuwa zuzutawar masu sayar da zane ce? Idan akwai, ta ina zan fara ganinsa? Kuma me ya haɗa layi da maganar ruhi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko ta ido ce: me ake kallo a zanen da aka rage wa kaya har ya zama layi zalla? Ta biyu ta fi nauyi: in an ce zane yana da ruhi, ina ruhin yake zaune, a jikin takardar, ko a hannun mai zanen, ko a bakin dillali? A ganina akwai abu a ciki, kuma mai yawa, sai dai ba a inda kika neme shi yake ba. Kin je wurin takardar kina jiran ta nuna miki wani abu da kika sani. Ita kuwa Nasreen abin da ta ajiye a takardar shi ne hankalinta da haƙurinta, kuma wanda zai gan su sai ya kawo irin nasa.

Shakkarki game da masu sayarwa tana da tushe. A watan Disamba na 2013, a gwanjon farko da kamfanin Christie's ya yi a Mumbai, an sayar da wani aikin mai zanen Indiya V. S. Gaitonde a kan rupi miliyan 237. Idan kuɗi irin wannan suka shigo, kalmomi kamar ruhi da natsuwa sukan yi araha, a liƙa su a kan duk abin da babu siffar mutum a cikinsa. Ki riƙe shakkar nan, za ta yi miki amfani. Sai dai ki sani Nasreen ta rasu a 1990, ba ta ga wannan kasuwa ba. Manyan baje kolin da suka fito da ita duniya duk bayan rasuwarta aka yi su: a garin Kassel na Jamus a 2007, a gidan adana zane na Tate a Liverpool a 2014, a na Reina Sofia a Madrid a 2015, sannan a 2016 gidan tarihin Metropolitan na Niyok ya buɗe sabon reshensa da aikinta.

Inda layin ya samo asali

Ba daga sama Nasreen ta faɗo ba. Ƙasar Indiya ta daɗe da sanin layi a matsayin abu mai cin gashin kansa. A kudancin ƙasar, musamman Tamil Nadu, mata sukan tashi da asuba su zana kolam a ƙofar gida da garin shinkafa, ɗige-ɗige da layi yana zagaya su, kafin yamma ƙafafu sun share shi, gobe a sake. Mabiya addinin Hindu suna da yantra, zanen alwatika da da'ira da murabba'i wanda ake zuba wa ido wajen ibada. Musulmin ƙasar kuma suka bar gine-ginen zamanin Mughal da tagoginsu na dutse masu huda-huda, waɗanda ake kira jali, inda lissafi ne ke raba haske gida-gida. A farkon ƙarni na 20, masu zane na yankin Bengal sun yi cuɗanya da takwarorinsu na Japan, suka ɗauki darasin rage kaya a zane. Hoton Gandhi da Nandalal Bose ya yi a 1930, yana tafe da sandarsa, 'yan fararen layuka ne a kan baƙi, amma duk Indiya ta san shi.

A 1947, shekarar da ƙasar ta sami 'yanci aka kuma raba ta biyu, wasu matasa suka kafa ƙungiyar masu zane 'yan ra'ayin ci gaba a Bombai, wato Mumbai ta yanzu, cikinsu har da F. N. Souza da M. F. Husain da S. H. Raza. Yawancin abin da ya biyo baya launi ne mai ƙarfi da siffofin mutane da dawakai da labarin ƙasa. A cikin wannan hayaniya ne wasu 'yan kaɗan suka juya baya suka nufi ƙarancin kaya.

Ita kanta Nasreen

An haife ta a Karaci a 1937, iyalinta suka koma Bombai a 1944. Ta yi karatun zane a makarantar St Martin's ta Landan daga 1954 zuwa 1957, ta zauna a Baharain inda danginta ke kasuwanci, sannan ta yi karatu a Faris daga 1961 zuwa 1963. A Bombai ta sami ɗakin aiki a cibiyar Bhulabhai Desai, inda ta haɗu da Gaitonde, wanda ta ɗauka tamkar malaminta. A 1972 ta fara koyarwa a jami'ar Baroda, ta ci gaba har ƙarshen rayuwarta. Abin lura shi ne Baroda ta wancan lokacin ita ce cibiyar zane mai ba da labari, abokan aikinta irin su Gulammohammed Sheikh suna cika ƙyalle da mutane da unguwanni. Tana tsakiyarsu, suna mutunta juna, amma ta bi tata hanyar.

Aikinta ya bi matakai, kuma sanin matakan yana buɗe ido. A shekarun 1960 tana zana ganyaye da rassa da gaɓar teku da tawada mai ruwa-ruwa. Zuwa shekarun 1970 siffofin suka ɓace, ta koma teburin masu zanen gine-gine da rularsu da alƙalumansu masu siririn baki, tana cika takarda da layuka a kwance da a tsaye masu gittawa kamar raga. Wataƙila irin waɗannan kika gani. A shekarun 1980 ragar ta watse. Layukan suka karkace, suka zama kamar fukafukai ko tsinin kibiya suna shawagi a fili, mafi yawan takardar kuwa fari fat. Da wuya ta sa wa aiki suna ko kwanan wata, kuma yawancinsu ƙanana ne, za ki iya riƙewa da hannu biyu.

Akwai abubuwa biyu da ta bari waɗanda suke taimaka wa mai kallo ƙwarai. Na farko hotunan da ta riƙa ɗauka da kyamara, waɗanda ba ta taɓa baje su ba tana raye: tudun yashi na hamada, sawun igiyar ruwa a bakin teku, zaren da aka miƙe a masaƙa, fentin tsallaka titi, farfajiyoyin tsohon birnin Fatehpur Sikri. Wanda ya ga hotunan nan zai gane cewa layukanta daga duniya ta ɗebo su, ta yi ta tacewa har sai da sunan abin ya fita, tsarinsa ya rage. Na biyu ƙananan dayarinta, inda takan rubuta abin da ya faru da ita sannan ta bi rubutun da layukan tawada ta rufe, ta bar kalma ɗaya ko biyu suna leƙowa. A cikinsu ne ta rubuta burinta na fitar da mafi yawa daga mafi ƙaranci.

Sannan ga wata gaskiya da nake so ki riƙe a zuciya lokacin da kike kallon aikinta na ƙarshe. Ta yi fama da ciwon jijiya mai sa jiki karkarwa da fizga, yana ƙaruwa da shekaru, har tafiya ta riƙa yi mata wuya. Layukan da suka fi kowanne siranta da daidaito a wannan hali ta ja su. Ba don ki tausaya mata na faɗa ba. Na faɗa ne don ki san cewa natsuwar da ke takardar nema aka yi aka same ta, ba haka kawai ta zo ba.

Yadda za ki kalla

Abu na farko, ki daina tambayar "mene ne wannan?" ki koma tambayar "me layin nan yake yi?" Takardar lissafi inji ne ya buga ta, duk layukanta kauri ɗaya, tazara ɗaya. A aikin Nasreen ba haka abin yake ba. Ki matso kusa za ki ga wani layin baƙi ƙirin ne, na kusa da shi toka-toka na fensir, wani ya faro da kauri ya ƙare kamar gashi. Tazarar da ke tsakaninsu tana matsewa a wani wuri har wurin ya yi duhu, sannan ta buɗe a hankali har haske ya shigo. Babu inuwa ko ɗaya da aka shafa, amma sai ki ga wani sashe ya matso gabanki wani ya nutse ciki. Idan kika daɗe kina kallo, layukan da suka yi kusa da juna sukan fara rawa a ido. Duk wannan da tazara kaɗai aka yi shi.

Abu na biyu, farin takardar ba ragowa ba ne. Mai koyon zane yakan ɗauka duk inda bai taɓa ba aiki ne da bai gama ba. A irin wannan zane farin shi ne rabin maganar. Ki rufe wani sashe na farin da tafin hannunki ki ga yadda layukan suke rasa numfashi.

Abu na uku shi ne wanda na fi dogara da shi a aji, domin bayani bai taɓa gamsar da ɗalibaina kamar yadda hannunsu ya gamsar da su ba. Ki sami farar takarda mai kauri, da rula, da alƙalami mai siririn baki. Ki ja layuka 40 a kwance daga sama zuwa ƙasa, kowace tazara ta ɗan fi ta samanta matsewa, ba tare da kin auna da lamba ba, da ido kawai. Kada ki goge komai. Abin da nake gani kullum shi ne layukan farko sukan fito da kyau saboda ɗoki. Wajen tsakiya sai hankali ya tafi wani wuri, kuma takardar ba ta rufa asiri: rula ta ɗan zame, tawada ta taru a bakin layi, tazara ta yi tsalle. Mai zanen zai iya nuna miki da yatsa daidai inda ya tuna da wani abu. Wasu sukan lura cewa suna riƙe numfashi yayin jan layin, su sake shi in sun kai ƙarshe. Bayan wannan sai na sake nuna musu aikin Nasreen, mai ɗaruruwan layuka, wasu suna gittawa a karkace ba tare da ko ɗigo ɗaya ya ɓaci ba. A nan ajin yakan yi tsit. Sun riga sun san farashin layi ɗaya, yanzu suna ganin wadda ta biya shi sau ɗaruruwa.

To ina ruhin yake?

Kalmar nan ana amfani da ita a kan abubuwa daban-daban, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke kawo ruɗani. Masu zanen Indiya na zamani ba hanya ɗaya suka bi ba.

Akwai waɗanda suka ɗauko alama daga addini ko falsafa suka sa ta a zane. Raza shi ne babban misali. An haife shi a 1922 a tsakiyar Indiya, ya tafi Faransa a 1950, ya yi shekaru yana zana ƙauyuka da filayen can. Wajen 1980 ya koma ga bindu, wato ɗigo, baƙar da'ira a tsakiyar ƙyalle, wadda a tunanin Hindu take nufin tushen da halitta ta faro. Shi da kansa yakan ba da labarin cewa yana yaro mai rawar kai, malaminsa na firamare ya ɗiga alama a bango ya ce ya zauna ya zuba mata ido. Akwai kuma irin su G. R. Santosh na Kashmir da Biren De, waɗanda suka gina aikinsu a kan siffofin tantra, wata hanyar ibada ta mabiya Hindu da Buda, tun daga shekarun 1960. A wannan hanya ma'anar a bayyane take, in kin koyi alamomin za ki karanta zanen. Rauninta shi ne alama tana da sauƙin kwaikwayo. Kowa zai iya zana da'ira a cikin alwatika ya ce ya yi zurfi, kuma da yawa sun yi hakan don kasuwa. Ina girmama Raza, musamman yadda yake sarrafa launi, amma a ganina wasu ayyukansa na ƙarshe maimaici ne na abin da ya riga ya samu.

Gaitonde bai sa alama ba. Ya karkata ga koyarwar Zen ta addinin Buda, yana shimfiɗa fenti siriri-siriri a kan juna da abin mirginawa da wuƙar fenti, yana yin zane kaɗan a shekara, yana yawan maganar shiru. Shi ba mai layi ba ne, amma daga wurinsa Nasreen ta ga cewa mutum zai iya rage kaya ba tare da ya rage nauyi ba.

Sai Zarina, wadda nake so ki nema bayan Nasreen, domin ita ce za ta fi saurin shiga zuciyarki. Sa'ar Nasreen ce, an haife ta a Aligarh a 1937, ta karanta lissafi a jami'ar Musulmi ta garin, ta koyi bugun zane a Faris da Tokyo, ta zauna a Niyok, ta rasu a Landan a 2020. Rabuwar Indiya da Pakistan ta raba ta da danginta da gidan da ta tashi. A 1999 ta yi jerin bugun katako guda 36 wanda sunansa ke nufin gida baƙon wuri ne. Kowace takarda tana ɗauke da 'yan layuka da kalma ɗaya ta Urdu cikin haruffan Larabci: ƙofa, bango, sama, ƙura, iyaka, nisa. A 2001 ta yi wani wanda layi ɗaya ne tak, baƙi, mai karkace-karkace, ya ratsa takarda daga sama zuwa ƙasa. Iyakar da aka shata a 1947 ce, wadda miliyoyin mutane suka bar gidajensu saboda ita. Wanda ya ce layi ɗaya ba ya ɗaukar komai, a nuna masa wannan. A ƙarshen rayuwarta ta juya ga maganar haske da lahira, tana aiki da fallen zinariya, ta kuma yi manyan carbi na katako waɗanda ake ratayewa a bango. A wurinta ruhi da kewar gida sun zama abu guda, kuma ba ta ɓoye Musuluncinta a aikin ba.

Nasreen ta bambanta da su duka. Ita ma gidan Musulmi ta fito, ta yi tafiye-tafiye a Iran da Turkiyya da Japan, ta ƙaunaci gine-ginen Musulunci, ta karanta waƙoƙin Sufaye da koyarwar Zen. Amma ba za ki ga aya ko alamar wani addini a takardarta ba. Waɗanda suka san ta sun ce ɗakin aikinta kusan babu komai a ciki sai teburi da fitila, a share tas, tana aiki sa'o'i cikin kaɗaici. Abin da na fahimta shi ne ruhin aikinta yana cikin yadda aka yi shi. Ki dubi mai jan carbi: ƙwayoyin duk iri ɗaya ne, wanda ke kallo daga nesa zai ce maimaici ne kawai, amma mai ja ya san kowace ƙwaya tana neman halartar zuciya sabuwa, in zuciya ta fita to yatsu ne kawai ke motsi. Ban ce zane ibada ba ne, kuma ita ma ba a san ta da wannan da'awa ba. Abin da nake nufi shi ne tarbiyyar hankalin iri ɗaya ce, kuma tawada tana ajiye shaidar ko zuciya ta halarta.

Wannan ne ma ya sa sunan da ake yawan ba ta, na 'yar salon minimalizim, bai zauna mata daidai ba. Wancan salo a Amurka ya taso a shekarun 1960. Donald Judd masana'anta yake ba wa odar akwatunansa na ƙarfe don kada hannunsa ya bayyana, Frank Stella kuma ya ce abin da ka gani shi ne abin da ke nan, babu ƙari. Sun rage kaya ne don su kori ma'ana ta ɓoye. Nasreen da Zarina sun rage ne don abin da ya rage ya ɗauki nauyi fiye da da. A ido suna iya kama da juna, niyya kuwa ta sha bamban.

Iyakar wannan amsa

Babu ma'aunin da zai tabbatar miki cewa zane yana da ruhi. Abin da za a iya nunawa da yatsa shi ne kaurin layi, da tazara, da tarihin mai zanen, da abin da ya rubuta da hannunsa. Daga nan sauran tsakaninki ne da takardar. Mai yiwuwa ki yi duk abin da na ce, ki yaba ƙwarewar, amma zuciyarki ba ta motsa ba. Wannan ba aibi ba ne, akwai masana da suka fi son Husain da dawakansa har gobe. Kuma ki yi hattara da masu ɗaukar duk abin da ya fito daga Indiya a matsayin na ruhi. Wannan kallo ne na baƙo, yana rufe ido daga ganin cewa Nasreen ta damu da injuna da gine-ginen zamani da lissafi kamar yadda ta damu da waƙar Sufaye.

Game da ayyukan da aka gina a kan alamomin Hindu, kamar na Raza da Santosh, ni a matsayin mai koyar da zane ina karanta su ne don in fahimci abin da mai zanen yake nufi da yadda ya tsara shi, kuma fahimta daban take da yarda. In kina da tambaya ta hukunci a kan ajiye irinsu ko kwaikwayonsu, wannan fagen malaman addini ne, su za ki tuntuɓa.

Matsala ta ƙarshe ita ce waya. Aikin Nasreen yana cikin waɗanda ƙaramin allo ya fi cuta, domin siraran layukan sukan narke su zama toka ɗaya, bambancin tawada da fensir ya ɓace, kuma ina kyautata zaton wannan yana cikin dalilan da suka sa kika ga takardar lissafi. Ki nemi hotuna masu inganci a shafukan intanet na manyan gidajen adana zane, irin su Metropolitan da MoMA na Niyok da gidan Kiran Nadar na Delhi, ki buɗe su a kwamfuta, ki faɗaɗa har ki ga inda alƙalami ya sauka da inda ya tashi. Ki fara da hotunanta na kyamara, sannan ragar shekarun 1970, sannan na ƙarshe masu karkace. Kada ki kalli fiye da biyu ko uku a zama ɗaya, kuma ki yi aikin layuka 40 ɗin kafin ki koma kansu.